Shin sunan yanka yana iya tare wa yaro ƙofar aiki?

Tambaya: Malam, maiɗakina ta kusa sauka, kuma hoton asibiti ya nuna mace ce. Ni ina so in yi wa mahaifiyata takwara. Ita kuwa ta ce sunan na mutanen da ne, duk wanda ya ji zai ce yarinyar 'yar ƙauye ce, ta fi son irin su Afnan ko Nihal. Har ta ce ta ji an yi bincike a Amurka an gano suna yana hana mutum samun aiki. Da gaske ne suna yana nuna irin gidan da aka haifi yaro? Kuma yana iya tare masa gaba idan ya girma?

Amsa: Allah Ya sauke ta lafiya, Ya raya mana. Na lura ba ka rubuta sunan Hajiya ba, kuma na gane dalili: ɗan Bahaushe ba ya kama sunan mahaifiyarsa gatsau, ko da a takarda ne. Ba sai na ji shi ba ma, don abin da zan faɗa ya hau kan Hauwa'u, ya hau kan Rakiya, ya hau kan Sa'adatu.

Maiɗakinka ba ta yi ƙarya ba. Binciken da ta ji labari an yi shi, ina ma karantar da shi a aji duk shekara. Sai dai rabin labarin ne ya iso kunnenta, kuma rabin da ya iso ɗin na wata ƙasa ne mai irin nata ciwon. Bari in ba ka shi yadda yake, sannan mu dawo gida.

A shekarar 2004 wasu masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a biranen Boston da Shikago. Sun bi tallace-tallacen neman ma'aikata sama da 1,300 a jaridu, suka aika takardun neman aiki kusan 5,000, duk na mutanen da babu su a duniya. Sunan da za a ɗora a saman kowace takarda kuwa kamar ƙuri'a suke raba shi, yadda babu ɓangaren da ya fi wani karatu ko gogewa. Rabin takardun aka sa musu sunayen da aka san fararen fata da su, irin su Emily da Greg, rabi kuma sunayen da aka san baƙaƙen fata da su, irin su Lakisha da Jamal. Sai suka zauna jiran waya. Mai sunan farare yakan aika takarda 10 kafin a kira shi sau ɗaya, mai sunan baƙaƙe sai ya aika 15. Abin da ya fi ci mini rai a sakamakon shi ne abin da ya faru da aka ƙara wa takardun kyau, aka sa ƙarin gogewa da shaidar kwasa-kwasai. Kiran da ake wa masu sunan farare ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, na ɗaya ɓangaren kuwa da ƙyar ya motsa. Wato mai duba takardar da ya ga sunan, bai tsaya karanta sauran ba.

Ga wurin da nake so ka karanta wa maiɗakinka da babbar murya. A cikin sunayen matan baƙaƙen fata da aka yi gwajin da su akwai Aisha, kuma ita ce ta zo ƙarshe: a cikin takardu 100 masu wannan suna, kusan 2 kacal aka kira. A ɓangaren maza Rasheed ne a ƙasa. Takardun da aka aika da kowane suna guda ba su da yawa, don haka kada mu ɗora wa adadin kayan da ya fi ƙarfinsa, amma ya ishe mu misali. Ɗauki sunan nan Aisha ka kawo shi Kano ko Damagaram. An yi matar shugaban ƙasa Aisha, 'yar sarki Aisha, mai tallan goro a bakin tasha Aisha. Babu manajan da zai ga sunan a takarda ya san ko daga gidan bene ta fito ko daga gidan ƙasa. Haruffan suna nan yadda suke, kunnen da ke sauraro ne ya sauya. A Shikago sunan yana gaya wa mai ɗaukar aiki launin fatar mai shi, kuma launin ne yake gudu.

A wannan shekarar dai ta 2004, Roland Fryer da Steven Levitt suka ɓullo wa zancen ta wata ƙofa. Sun samu bayanan haihuwa na yaran da aka haifa a jihar Kalifoniya tun daga 1961, sama da miliyan 16. Sun ga cewa a shekarun 1960 sunayen baƙaƙe da na farare ba su yi nisa da juna ba. A farkon shekarun 1970, lokacin da guguwar alfahari da baƙar fata ta taso, sai suka raba hanya cikin 'yan shekaru, musamman a unguwannin da baƙaƙe zalla ke zaune. Da tafiya ta yi nisa, irin waɗannan sunaye suka zama alamar halin gida: uwar da ta haihu da ƙuruciya, ba miji, ba karatu mai zurfi, a unguwar marasa galihu, ita ta fi raɗa su. Daga nan suka bi 'yan matan da aka haifa a jihar har suka girma suka zo haihuwa su ma, suka duba inda rayuwa ta ajiye su. Masu irin sunayen sun fi zama cikin rashi, wannan gaskiya ne. Amma da aka jera su da waɗanda aka haifa a irin gidansu, irin unguwarsu, uwa mai irin karatun tasu uwar, suna kaɗai ya bambanta su, sai tazarar ta kusa ɓacewa. Suna ya zama kamar hayaƙi ke nan: yana nuna gidan da ake girki, amma ba shi ya hura wutar ba.

Ɗalibai sukan tambaye ni, to Malam wanne ne gaskiya? Nakan ce duka biyun, don ba abu ɗaya suka auna ba. Gwajin farko ya auna minti ɗaya ne a rayuwar mutum, lokacin da baƙon da bai taɓa ganinka ba yake riƙe da takardarka, ga tarin wasu ɗari a gabansa, yana neman dalilin rage su. Na biyu ya auna shekara ashirin da ɗoriya. A tsawon wannan lokaci mutum yakan samu aiki ta hannun ɗan'uwa ko maƙwabci ko tsohon maigida, mutanen da suka san halinsa kafin su damu da sunansa. Kuma wanda ya ƙi Lakisha a takarda, da an sa mata Emily ta zo intabiyu, zai ga fuskarta ya ƙi ta a can. Abin da sauya sunan ya ƙara mata shi ne asarar kuɗin mota.

An sake gwajin da girma, aka fitar da sakamakon a 2022. Patrick Kline da Evan Rose da Christopher Walters suka aika takardu kusan 83,000 zuwa manyan kamfanonin Amurka 108. Wariyar tana nan, amma ba ta kai ta farko ba: a cikin kowace takarda 100, masu sunan baƙaƙe sun rasa kira kusan 2 idan aka kwatanta da takwarorinsu. Kuma ba ko'ina take daidai ba. Kashi ɗaya cikin biyar na kamfanonin su ke da kusan rabin laifin, wasu kuwa ba a ga bambanci a wurinsu ba. Matsalar tana wurin masu tsaron wasu ƙofofi, ba kowace ƙofa ba.

Akwai inda zancen ya shafe mu kai tsaye, wato idan yarinyar ta girma ta ƙetare. A Faransa, a 2010, Claire Adida da David Laitin da Marie-Anne Valfort suka fitar da sakamakon wani gwaji mai wayo. Sun ƙirƙiro mata biyu, dukansu da sunan dangi Diouf, wanda kowa a can ya san na Senegal ne, saboda kada launi ya shigo cikin lissafi. Ɗaya Marie, ɗaya Khadija, kowacce an nuna ta taɓa aiki a ƙungiyar agaji ta addininta. An kira Marie a kashi 21 cikin 100 na wuraren, Khadija a kashi 8. A Landan BBC ta gwada abin a ƙaramin ma'auni a 2017: takarda iri ɗaya, wurare 100, Adam ya samu gayyatar intabiyu 12, Mohamed ya samu 4. A 2019 kuma masu bincike a kwalejin Nuffield ta Jami'ar Oxford suka gano cewa mai asalin Najeriya sai ya aika takardu da suka ɗara na Bature ɗan ƙasa da kashi 80 cikin 100 kafin ya samu amsa daidai da tasa. To amma ka ga, a wannan ma'auni Afnan ba ta tsira ba. A kunnen mai ɗaukar aiki a Faris, da Afnan da Hauwa'u duk kanwar ja ce, balle ga sunanka a bayan nata, ga fasfo ɗin Najeriya. Idan don tsoron Turawa ne, sunan zamani na Larabci bai warkar da komai ba.

Tambayarka ta farko kuwa, ko suna yana nuna irin gida, amsarta e ce ba tare da kwana-kwana ba, kuma an fi ganin haka inda babu bambancin launi da zai rikita lissafi. Sunan Kevin ya shiga Faransa ta finafinan Amurka, a 1991 ya zama sunan da aka fi raɗa wa yara maza, sama da 14,000 a shekarar kaɗai. Gidajen leburori da ƙananan ma'aikata ne suka fi ɗaukarsa, masu ilimi da tsohon kuɗi suka kauce masa, har ya zama abin zolaya. Wani masanin zamantakewa, Baptiste Coulmont, ya daɗe yana jera sakamakon jarrabawar gama sakandare ta Faransa bisa sunaye, kuma shekara bayan shekara su Kevin suna can ƙasa wajen samun babban yabo. A Jamus ma haka: a 2009 an tambayi malaman firamare a wani bincike na Jami'ar Oldenburg, ɗaya daga cikinsu ya rubuta cewa Kevin ba suna ba ne, sunan cuta ne. A Ingila Gregory Clark ya duba sunayen ɗaliban Oxford ya kwatanta da yawan masu sunan a ƙasa, ya ga yarinya mai suna Eleanor ta fi mai suna Jade damar shiga jami'ar kusan ninki 100. Ba wai masu ba da gurbi suna ƙaunar haruffan Eleanor ba ne. Gidan da yake zaɓar wannan suna shi ne gidan da ke da littattafai a kanta da kuɗin makaranta mai tsada.

Bincike guda ne a wannan ɓangare yake hana ni cewa suna ba ya yin komai da kansa. David Figlio ya duba yaran makarantun wani yanki a jihar Filorida, ya kwatanta 'yan uwa ɗaya, gida ɗaya, tukunya ɗaya. Wanda aka sa wa sunan da ke kama da na gidajen marasa ilimi yakan ɗan gaza ɗan'uwansa a jarrabawa, kuma malamai ba su cika tura shi ajin masu hazaƙa ba. Bambancin ƙarami ne, amma akwai shi, kuma ta hannun malami ya bi: wanda bai sa ran abu daga yaro ba, ba ya matsa masa. Na taɓa kama kaina da irin wannan, ina duba rajistar sabon aji, na ga wani suna na ƙiyasta mai shi tun kafin ya buɗe baki. Shi ya zo na biyu a ƙarshen zango.

Yanzu mu dawo gida, don tsarinmu na suna daban yake da nasu, kuma bambancin yana da amfani a gare ka. Bature yana zaɓa ne daga cikin dubban sunaye, kowane gida da irin ɗanɗanonsa. Mu kuwa rumbun sunan yanka ƙarami ne, kuma kowa a ciki yake ɗiba. Ranar bakwai liman ya yi huɗuba a ƙofar gidan sarki ya ce Muhammadu, ya wuce ƙofar gidan mai gyaran takalmi ya ce Muhammadu. Abubakar, Umaru, Usmanu, Aliyu, Fatima, Hadiza, Zainabu, Maryamu: babu wanda ya mallake su. Wannan wata rahama ce da ba mu cika lura da ita ba, domin takardar makaranta ba ta tona asirin talaka a nan kamar yadda take yi wa Jade a Ingila.

Inda bambancin yake fitowa shi ne yadda ake kiran sunan, da laƙabin da aka ɗora a kai. Aisha ɗaya ce, amma wata Indo ce, wata A'i, wata Shatu, wata Humaira. Abdullahi a wani gida Audu ne, a wani Abdallah. Akwai Habu da Garba, akwai Sadik. Akwai Iro, akwai Khalil. Akwai Dije, akwai Kubra. Akwai Binta, akwai Zahra. Akwai Mairo, akwai Maryam. Ina jin wannan kunnen maiɗakinka yake ji, kuma ba mafarki take ba. Idan aka ce maka ga Indo ga Humaira, ka riga ka sa wa ɗaya zani da faranti a ka, ka sa wa ɗaya jakar makaranta, alhali a ranar suna abu ɗaya liman ya faɗa. Haka sunayen rana da na yanayi suka ja baya a birni: Talatu, Lami, Jummai, Asabe, Ɗanladi, Tanko da aka haifa bayan mata, Kande da aka haifa bayan maza, Gambo mai bin tagwaye, Nomau na lokacin noma, da su Ajuji da ake sa wa 'ya'yan mai wabi. Waɗannan sunaye tarihi ne a dunƙule, kana jin su ka san wani abu game da ranar da aka haifi mutum da halin da uwarsa ta shiga. Ni dai ina takaicin yadda muka mayar da su abin kunya, muka bar wa 'yan wasan barkwanci su riƙa sa wa bagidaje.

A da ma suna yakan faɗi matsayi ƙarara. Bayin sarki sukan ɗauki sunaye masu kama da addu'a ko kirari. A Kano, zamanin Sarki Abbas, an yi Ɗan Rimi da ake kira Allah-bar-Sarki. Duk wanda ya ji sunan ya san bawan fada ne, kuma duk da haka yana cikin masu faɗa a ji a gidan sarauta. Sunan ya faɗi asalinsa, bai kuma hana shi iko ba. A zamaninmu ma jerin yana da tsawo: Audu Bako ya zama gwamnan jihar Kano na farko a 1967, Balarabe Musa gwamnan Kaduna a 1979, Ibrahim Tanko Muhammad Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2019, hoton Ladi Kwali yana kan naira 20. Ba na kawo su a matsayin hujja, don misali ɗaiɗai ba ya tabbatar da komai. Da yana tabbatarwa, da tun 2010 da Goodluck Jonathan ya hau kujerar shugaban ƙasa duk masu sunansa sun zama wani abu. Na kawo su ne don a ga ƙofar ba a kulle take ba.

Akwai kuma abin da masu gudun sunan ƙauye ba su cika lissafawa ba: sunan yayi gangarowa yake yi. Masu hali su fara, ma'aikata su ɗauka, a ji shi a fim da gidan biki, kafin shekara goma sha biyar ya isa kowane lungu, su kuma waɗanda suka fara su tsere su nemo wani. An ga wannan a bayanan Kalifoniya, mu ma mun gani da idonmu. Lokacin da nake yaro, in ka ji Nabila ko Fahad ka san gidan wani babban ma'aikaci ne ko wanda ya zauna Saudiyya. Yau shiga kowace Islamiyya ta unguwa ka kira Hanan ko Amal ko Ilham ka ga hannu nawa za su tashi. Yarinyarka ba za ta nemi aiki ba sai nan da shekara ashirin da biyar. Kafin lokacin Afnan ta daina nuna gidan 'yan boko, abin da za ta nuna shi ne shekarun da aka haifi mai ita. Wannan ba aibu ba ne ga sunan. Kalma ce ta Alƙur'ani, tana cikin suratur Rahman, ma'anarta rassan bishiya. Ta fi wasu da ake tsintowa a finafinan Indiya da na Turkiyya ba a san me suke nufi ba, wani lokaci ma sai liman ya sa an maimaita masa sau uku. Amma in don sayen daraja ake so, kuɗin zai zube kafin a kai kasuwa.

A ƙasarmu sunan da ke aiki a teburin ɗaukar ma'aikata shi ne na biyu da na uku. Na zauna a kwamitin tantance takardu a wata ma'aikata, muna mu biyar, fayil sun fi ɗari uku. Ban ga wanda ya tsaya a kan sunan yanka ba ko sau ɗaya. Amma na ga hannu ya tsaya cak a kan sunan mahaifi, an ɗago kai an ce, "Wannan ba 'yar gidan wane ba ce?" Fayil ɗin bai koma cikin tari ba, gefe aka ajiye shi. Na kuma ga ana karanta sunan gari a ƙarshen suna ana lissafin jiha da ƙaramar hukuma, saboda rabon gurabe. Al'adar nan ta ɗaukar sunan gari da ta yi ƙarfi a makarantun zamanin Turawa, wadda ta ba mu Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, yau ta zama shaidar asali da mutum ke yawo da ita a goshi. Idan aka fita Arewa, ko a garuruwan da ake zaman doya da manja, sunan yanka ma yakan faɗi addini da ƙabila, kuma nan ma da Afnan da sunan Hajiya layi ɗaya za a sa su.

Sunan gida kuwa ba a nan kaɗai yake da tsawon rai ba. Guglielmo Barone da Sauro Mocetti sun ɗauki rajistar haraji ta birnin Fulorans na Italiya ta shekarar 1427, suka kwatanta da ta 2011, suka ga zuriyar gidajen da suka fi arziki a wancan lokaci har yanzu sun ɗara saura a matsakaicin lissafi, bayan shekara kusan 600. To sunan ne ya yi, ko abin da ke bayansa? Duba gida. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa, kuma ba ya ɗauke da sunan Ɗantata ko kaɗan. Abin da ya gangaro masa jari ne da sanin kasuwa da mutanen da za su ɗaga waya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko da wane suna aka kira ɗan.

Wasu ƙasashe sun gwada goge suna daga takardun neman aiki. Birtaniya ta sanar da haka a aikin gwamnati a 2015. Sakamakon bai zo ɗaya ba: a Faransa da Ostireliya gwajin ya nuna ɓoye sunan ya rage wa waɗanda ake son taimako dama, don masu tantancewar da suka shiga gwajin dama suna ɗan sassauta musu idan sun gane su. A wurinmu ma ko an goge suna, wayar da za a buga da daddare ba a goge ta ba.

Ta fuskar addini zancen a sarari yake, ma'ana ake dubawa. Ya tabbata Manzon Allah (SAW) yakan sauya suna mai mummunar ma'ana. Ya sauya wa wata sunan da ke nufin mai saɓo ya kira ta Jamila. Ya ce wa kakan Sa'idu ɗan Musayyib, mai suna Hazn, wato tsauri, ya koma Sahl, wato sauƙi, ya ce ba zai sauya sunan da mahaifinsa ya sa masa ba, kuma Sa'idu ya ce tsaurin bai gushe a gidansu ba. Abin da Bahaushe yake nufi ke nan da ya ce suna linzami. Babu inda aka ce a guji suna don ya tsufa, kuma in sunan Hajiya na matan Annabi ne ko 'ya'yansa ko sahabbai, ba ka da abin jin nauyi.

Shawarata ita ce ka yi wa Hajiya takwara, kuma rigimar da kuke ganin kuna da ita al'ada ta riga ta kashe ta. Ai da kai da maiɗakinka babu mai iya kiran yarinyar da sunan, kunya ba za ta bari ba. Dole a yi mata alkunya, ko Ummi, ko Mama, ko Walida, ko Amira. To a bar wa uwar ta zaɓi wannan, in Afnan take so a kira ta Afnan. Hajiya ta samu takwara ta yi mata kayan barka, uwa ta samu sunan da za ta kira a tsakar gida ba ta ji wani iri ba.

Sai dai a nan ne haɗari na gaske yake, kuma shi kaɗai ne hanyar da na ga suna ya tare wa mutum gaba da idona. Ina da wata ɗaliba, mu kira ta Fatima. Ranar da aka kai ta firamare yayarta ce ta raka ta, aka tambayi suna ta ce Ummi, aka rubuta. A sakandare ta ga dama ta koma Zahra. Takardar haihuwarta kuma Fadimatu aka rubuta, sunan mahaifinta a wata takarda Muhammad, a wata Mohammed, a wata Mamman. Ta gama digiri da sakamako mai kyau, aka ɗauke ta aiki, aka zo tantance takardu aka ga mutum uku. Ta yi wata da watanni tana zirga-zirga tsakanin kotu don takardar rantsuwa, da gidan jarida don sanarwar gyaran suna, da layin gyaran bayanai, kafin ta gama an ba wani gurbin. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma dole sunan da ke can ya dace da na WAEC ko NECO, daga baya ya dace da na BVN da na fasfo, harafi da harafi. Don haka tun kafin ranar suna ku zauna ku biyu ku yanke yadda za a rubuta sunan da boko, ko da h a ƙarshe ko babu, ko da u ko babu, da yadda za a rubuta naka a bayansa. In kuna so Afnan ta shiga takarda, ku sa ta a tsakiya tun yanzu. Ku karɓi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa cikin makonnin farko, ka ɗauki hotonta ka ajiye a waya. Ranar da za a kai ta makaranta kuma, kai da kanka za ka je da takardar a hannu, kada a aiki yaro.